Saɓanin Magina Motar Gudu a Kan Girman Inji

A arewa da birnin Los Anjalas, can cikin hamadar Mojave ta jihar Kalifoniya, akwai waɗansu tafkuna da suka ƙafe tun zamani mai nisa, suka bar faƙo shimfiɗaɗɗe mai tauri wanda ido ba ya cim ma iyakarsa, mafi shahara a cikinsu kuwa su ne Muroc da El Mirage. Nan ne samarin birni, tun cikin shekarun 1920, suka riƙa yin sammako da tsofaffin motocin Ford waɗanda suka kware wa rufi, suka ɓamɓare musu marufan taya da gilashi da duk abin da ke ƙara nauyi ba ya ƙara gudu, domin kowa ya ga iyakar abin da hannunsa ya gina. Galibinsu 'ya'yan talakawa ne, makanikai da maƙera da yaran gidan mai, waɗanda ba su da halin sayen motar tsere irin ta attajiran Turai, saboda haka sana'arsu ta zama ta ɗauko abin da wani ya yar a mayar da shi abin tsoro, kuma irin wannan mota ce daga baya aka laƙaba wa suna hotrod. A kan wannan faƙo ne aka fara wata muhawara wadda har yau ba a rufe ƙofarta ba a garejojin Amurka, watau idan mutum ya ƙudura niyyar gina motar gudu, wane girman inji ya kamata ya ɗora mata.

Kafin a shiga cikin mas'alar wajibi ne a san abin da ake aunawa, tun da malaman usulu sun ce hukunci a kan abu reshe ne na saninsa. Abin da ake nufi da girman inji shi ne yawan iskar da fistin-fistin ɗinsa ke zuƙa idan kowannensu ya sauko daga ƙololuwar ramin silinda zuwa ƙasansa, abu uku ne kuma ke haifar da shi: faɗin ramin, da tsawon zangon da fistin ke yi a cikinsa, da adadin silinda. Mu da lita muka saba, mun san injin Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna lita biyu ne ko kusa da haka; Amurkawan wancan zamani kuwa da inci muka'abi suke hisabi, watau gurbi mai inci guda a tsawo da faɗi da zurfi, wanda 61 daga cikinsa ke cika lita ɗaya. Idan ka ji Ba'amurke ya ce injinsa 350 ne, to lita 5.7 ke nan, idan ya ce 454 ne, lita 7.4, ya ninka na 504 sau uku da rabi har da ɗoriya. Inji kuwa, in an bi asalinsa, maciyin iska ne: gwargwadon iskar da ya haɗiya a minti guda, gwargwadon man da zai iya ƙonawa da ita, gwargwadon ƙarfin da zai bayar. Mai son ƙoshi da wuri hanya biyu gare shi, ko ya yi babbar loma a natse, ko ya yi ƙananan lomomi da gaggawa. Babban inji shi ne mai babbar loma, yana ba da ƙarfin murɗa taya tun daga juyi kaɗan. Ƙaramin inji kuwa sai an juya shi da sauri ƙwarai kafin ya nuna abin da ke cikinsa. Daga nan ne mazhabobin biyu suka rabu.

A shekarar 1932 Henry Ford ya fito da injin silinda takwas masu jeri biyu kamar harafin V, girmansa inci 221, ƙarfinsa doki 65, kuma abin da ya ɗaukaka shi shi ne an zuba gangarsa, wadda makanikai ke ce wa bulok, a zubi guda, har kuɗinsa ya sauko inda hannun ma'aikacin masana'anta zai kai. Bawul-bawul ɗinsa a cikin bulok suke, a gefen silinda, kansa kuwa faifan ƙarfe ne kawai, shi ya sa ake kiransa mai shafaffen kai. Yana da aibobi waɗanda ko masoyansa ba su ɓoye ba, domin hayaƙi sai ya ratsa ta cikin bulok kafin ya fita, saboda haka yakan ɗauki zafi har lagireto ya tafasa, numfashinsa kuma a ƙuntace yake. Mutanen faƙo ba su rungume shi nan take ba, don manyansu sun riga sun ƙware a kan injin silinda huɗu na Model T da Model A, sun san makamarsa ciki da bai, har suka yi 'yan shekaru suna wuce masu takwas da shi. Amma da tsofaffin V8 suka fara cika makabartar motoci a kan kuɗi kaɗan, sai aka yi ijma'i a kansa ba tare da an zauna taro ba.

Da yake ƙuncin numfashin wannan inji bai yarda a juya shi da sauri ƙwarai ba, sai hikimar magina ta karkata ga ƙara masa ciki. Sukan kai bulok wurin mai na'urar huda ya faɗaɗa ramukan iyakar abin da kaurin bango zai ɗauka, sa'an nan su shiga neman karanshaf mai dogon hannu wanda zai tsawaita zangon fistin. A 1949 kamfanin Ford ya yi wa motarsa Mercury injin inci 255, wanda faɗin raminsa daidai yake da na Ford mai inci 239, illa dai zangonsa inci 4 ne cif maimakon 3.75, nan da nan karanshaf ɗin Mercury ya zama abin nema ruwa a jallo, domin in an sa shi a bulok ɗin Ford, aka kuma ƙara wa ramuka faɗin sumuni na inci, sai a sami inci 276, girman da Ford bai taɓa fitarwa daga masana'antarsa ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan aiki a ransa, na aurar da karanshaf ɗin wani inji ga bulok ɗin wani, don za mu sake gamuwa da shi har sau biyu. Daga cikin mutanen wannan zamani ne aka sami irin su Vic Edelbrock, mai gareji a Los Anjalas wanda ya zuba bututun shigar iska mai ɗaukar kafireto biyu, da Ed Iskenderian, ɗan asalin Armeniya mai wasa kamshaf, waɗanda sunayensu suka zama sunayen kamfanoni har yau.

Sa'an nan tsari ya shigo. A 1937 kulob-kulob na faƙo suka haɗu suka kafa ƙungiyar SCTA mai riƙe agogo da littafin bajinta. A Janairun 1948 Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod. A 1949 aka fara makon gudu a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah. A 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin ta janye tseren rubu'in mil, watau mita 402, daga titunan gari zuwa filayen da aka keɓe. Waɗannan ƙungiyoyi duk sun kasa motoci aji-aji, wani bisa girman inji kaɗai, wani bisa nauyin mota a kan kowane inci, kuma daga ranar da aka yi haka ƙarin inci ya daina zama alheri tsantsa, domin wanda ya ƙara inci goma ya tsallake iyakar ajinsa zai wayi gari ƙarami a cikin manya, ko kuwa a tilasta masa ɗora wa motarsa nauyin da zai cinye ribar da ya samu. Mai basira sai ya fara karanta littafin ƙa'ida kafin ya ɗauki sifana.

Doka tana ƙera inji kamar yadda maƙeri ke yi, kuma shaidar wannan tana Ingila. Tun daga 1921 gwamnatin can take karɓar fam guda a shekara a kan kowane doki na mota, dokin kuwa ana lissafa shi ne daga faɗin rami da adadin silinda kawai, ba a duba zango. Sai masana'antun ƙasar suka shekara fiye da ashirin suna yin injuna masu tsukakken rami da dogon zango, har aka soke wannan hisabi bayan yaƙin duniya na biyu. Amurka ba ta ɗora wa mai mota irin wannan nauyi ba, ga mai da araha, ga hanyoyi miƙaƙƙu masu nisan zango, saboda haka babu abin da ya hana inji ƙiba.

Daular mai shafaffen kai ta fara girgiza a 1949, lokacin da Cadillac da Oldsmobile suka fito da V8 masu bawul a cikin kai, na farko inci 331, na biyu 303, bayan shekara biyu kuma Chrysler ya biyo da nasa mai inci 331 da doki 180, wanda ɗakin ƙonawarsa ke da siffar rabin ƙwarya, asalin sunan Hemi ke nan. Injuna ne masu ƙarfi, sai dai ga nauyi ga tsada. Ana cikin haka, a Disambar 1953, wani injiniya mai suna Zora Arkus-Duntov, haifaffen Beljiyam ɗan asalin Rasha, wanda shi da kansa ya taɓa ƙera kawuna na musamman don injin Ford, ya rubuta wa shugabanninsa a Chevrolet takarda yana nuna musu cewa samarin hotrod duk mutanen Ford ne, a kan Ford suka buɗi ido, kuma idan sun girma sun yi iyali Ford za su saya, sai fa in Chevrolet ya ba su inji da kayan da za su yi wasa da su. A 1955 injin ya fito daga hannun Ed Cole da mutanensa: inci 265, doki 162, bangonsa siriri, hannuwan da ke danna bawul na lanƙwasasshen faranti ne marasa nauyi, tsakanin tsakiyar rami da tsakiyar maƙwabcinsa inci 4.4. Gajere ne, bai kai nauyin injin silinda shida na kamfanin ba, yana son juyi, yana kuma shiga duk inda mai shafaffen kai ya fita. Cikin 'yan shekaru sai ga motocin Ford na 1932 suna yawo da zuciyar Chevrolet, abin da har yanzu yake ɓata wa masu taƙlidin Ford rai.

Falalar wannan inji da ta fi kowace ita ce cikinsa na girma alhali jikinsa na nan yadda yake. Ya zama 283 a 1957, inda wanda aka yi wa allurar mai maimakon kafireto ya ba da doki 283, doki guda a kan kowane inci. Ya zama 327 a 1962, da 350 a 1967, da 400 a 1970, duk a cikin bulok mai awo guda daga waje, mai zama a kan maɗauri guda, kuma kayan wannan da yawa suna shiga wancan. Sunan ƙaramin bulok bai same shi ba sai da babban wansa ya zo, wanda tazarar ramukansa inci 4.84 ce: an fara da 348 a 1958, da 409 a 1961, sa'an nan sabon zubi ya kawo 396 a 1965, da 427 a 1966, da 454 a 1970. Mai karatu zai lura cewa ƙaramin bulok mai 400 ya fi babban bulok mai 396 ciki, wanda ke nuna cewa sunayen nan biyu na ganga ne, ba na abin da ke cikinta ba.

Shugabannin General Motors, uwar kamfanin Chevrolet, sun ji tsoron abin da zai biyo bayan sa babban inji a ƙaramar mota, saboda haka suka kafa ƙa'ida cewa motocinsu matsakaita ba za su fito da injin da ya wuce inci 330 ba. A 1964 John DeLorean da abokansa a sashen Pontiac suka yi abin da masu fiƙihu ke kira hila: suka bar motar LeMans da injinta na ƙa'ida, amma suka rubuta injin 389 a cikin jerin ƙarin kayan da mai saye ke iya zaɓa, a ƙarƙashin suna GTO. An yi tsammanin sayar da dubu biyar, aka sayar da fiye da dubu talatin da biyu a shekarar farko, kuma riba ta rufe bakin masu ƙa'ida, suka ɗaga iyakar zuwa 400. Dillalai irin su Don Yenko na jihar Pennsylvania suka ɓullo da tasu hilar, suna bi ta hanyar odar da aka tanada don masu sayen motoci da yawa su sa a ɗora wa Camaro, motar Chevrolet, injin 427. A 1970 aka ɗage iyakar ɗungurungum, shekarar da Chevelle mai 454 ta fito da doki 450, Buick da Oldsmobile da Pontiac kowa da 455 nasa, Chrysler da 440 da Hemi mai 426, Ford da 429, Cadillac kuwa ya kai inci 500, lita 8.2, a motar zuwa ofis.

Hujjar mutanen babban bulok a taƙaice take, sun ma mai da ita karin magana, cewa babu abin da ke maye gurbin girma. Suna nufin babban inji yana ba da ƙarfinsa ba da wahala ba, ba ya bukatar a matsa masa, kuma abin da ba a matsa wa ba yakan daɗe. Gaskiya ce. Mutanen ƙaramin bulok kuwa suna amsawa da mizani: babban bulok na baƙin ƙarfe ya fi ƙarami da wajen kilo 50, kuma wannan nauyi a kan hancin mota yake zaune, yana hana ta juyawa a kwana, yana gajiyar da birki, yana rage abin da ke danne tayoyin baya waɗanda su ne za su kai ƙarfin ƙasa. Ƙarfin da taya ba ta iya riƙewa hayaƙi ne kawai. Banda wannan, babban inji ba ya zuwa shi kaɗai, yana jawo lagireto mafi girma, da giya mai ƙwari, da aksul ɗin baya wanda ba zai karye ba, da tankin mai da ke ƙarewa kana kallo. Wanda ya kashe dukan guzurinsa a kan inci ya bar waɗannan ya yi israfi, kuma sau da yawa a bakin hanya zai gane haka.

Babu inda aka gwada hujjojin biyu a fili kamar a garejin Carroll Shelby, mutumin Texas wanda ya ci tseren Le Mans na Faransa a 1959 kafin ciwon zuciya ya sauke shi daga tuƙi. A 1962 ya ɗauko 'yar motar Ingila mai jikin alminiyam, AC Ace, ya sa mata ƙaramin V8 na Ford mai inci 260, daga baya 289, ya kira ta Cobra. Da ya so ɗora mata 427 na Ford sai ta ƙi, domin gwajin farko a kan tsohon shasi ya fito da mota mai wuyar sarrafawa, har sai da aka sake shasi da bututu masu kauri, aka canja sifirin, aka faɗaɗa jiki. Cobra mai 427 ita ce ta yi suna a bakin duniya, ita ce yara ke manna hotonta a bango. Amma kambin duniya na motocin GT da Shelby ya ƙwace daga hannun Ferrari a 1965, da injin 289 ya ƙwace shi. Kada kuma a ce wannan ya yanke hukunci, domin a Le Mans, inda a lokacin akwai miƙaƙƙiyar hanya ta wajen kilomita shida kuma ana kwana ana wuni ana gudu, Ford GT40 da 427 ya yi nasara a 1966 da 1967, saboda babban inji yana iya riƙe gudun sa'a ashirin da huɗu ba tare da an juya shi har wuya ba. Da masu shirya tseren suka rage iyakar girma, sai GT40 mai lita 4.9 ta ci 1968 da 1969, mota guda ce kuwa ta ci duka biyun, na biyun a hannun Jacky Ickx da tazarar da ba ta wuce mita 120 ba bayan kwana da wuni. Ni abin da na fahimta daga wannan ƙissa shi ne fatawar girman inji tana sauyawa da sauyawar fili da ƙa'ida, kamar yadda dokin sukuwa da dokin tafiya kowanne ke da ranarsa.

Auren karanshaf da bulok ya sake bayyana a 1967, wannan karon a hannun kamfani da kansa. Tseren Trans-Am ya kafa iyakar inci 305, Chevrolet kuwa ba shi da inji mai wannan girma, 283 ya yi kaɗan, 327 ya yi yawa. Sai aka ɗauki bulok ɗin 327 mai ramin inci 4 aka sa masa karanshaf mai zangon inci 3 irin na 283, aka sami 302, wanda aka ɗora wa Camaro Z/28. Magina a gareji kuwa sun riga sun san wannan awo tun da daɗewa, don sun saba huda 283 har inci 4 suna kiransa 301. Faffaɗan rami yana ba da wurin manyan bawul, gajeren zango yana barin inji ya juya har ya wuce dubu bakwai a minti, saboda haka 302 rago ne a cikin gari, zaki ne a fili. Da shi Mark Donohue ya ci tsere goma cikin goma sha uku a 1968.

Faɗuwar ta zo da sauri. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa samari masu manyan injuna, dokar tsabtace iska ta 1970 ta zo, General Motors ya rage matsin injunansa a 1971 don su sha mai marar darma, a 1972 aka koma auna doki da inji sanye da dukan kayansa, lambobi suka zube, sa'an nan a Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu mai suka ɗaure bakin famfo, aka yi layi a gidajen mai, aka kafa iyakar gudun mil 55 a sa'a a ƙasar duka. Hemi ya bar titi bayan 1971, babban bulok na Chevrolet ya koma ga motocin ɗaukar kaya, Corvette ta 1975 kuma, da injinta 350, doki 165 kawai take bayarwa.

A cikin wannan fatara ne, ga ra'ayina, sana'ar ta yi aikinta mafi kyau, kuma ina ganin ba a ba ta haƙƙinta a littattafan tarihi, waɗanda suka fi son shekarun wadata. Masana'anta ta daina sayar da gudu, sai ya koma inda ya fito, watau gareji da makabartar motoci. Bulok ɗin 350 ya cika ko'ina, ga ƙwari ga araha. Injin 400 kuma yana nan a cikin manyan motocin iyali da na kaya, amma ba shi da farin jini, domin don a sami ramin inci 4.125 a cikin tazarar 4.4 sai da aka manne silindoji da juna, ruwa ba ya ratsa tsakaninsu, har ya yi ƙaurin suna wajen zafi. Sai magina suka duba suka ga abin so a cikin 400 shi ne karanshaf ɗinsa mai zangon inci 3.75, abin so a cikin 350 kuwa bulok ɗinsa mai zangon 3.48 kawai. Tsohon 350 da ma idan an zo sabunta shi akan ƙara wa raminsa kashi talatin cikin dubu na inci, ya zama 4.030; in an haɗa wannan rami da wancan zango sai hisabi ya ba da inci 383, lita 6.3, a cikin jikin da ko maƙwabci ya leƙa ba zai bambanta shi da 350 ba.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Wuyan karanshaf ɗin 400 inda yake zama a kan beyarin inci 2.65 ne, mazaunin 350 kuwa 2.45, dole a kai shi wurin mai wasawa ya rage shi. Da yake hannun ya ƙara tsawo, kawunan sandunan fistin sukan doki gindin silinda da gefen bulok, wani lokaci har da kamshaf, saboda haka magini yakan ɗaura, ya juya da hannu, ya ga inda ya taɓa, ya kwance, ya goge kaɗan, ya sake ɗaurawa, yana sane da cewa in ya zarce zai huda hanyar ruwa ya yi asarar bulok ɗin gaba ɗaya. Karanshaf ɗin 400 kuma wani sashe na nauyin da ke daidaita shi a waje yake, a jikin faifan gaba da na baya, wanda ya manta ya sa na 350 zai ji injin yana rawa kamar zai tsinke maɗaurinsa. Wanda ya yi haƙuri da wannan duka yakan sami ƙarfin murɗa da ya kusanci na babban bulok a kan nauyin ƙarami, a juyin da ake tuƙi da shi kullum, ba sai an kai allura ja ba. Wannan shi ne tsaka-tsakin da mazhabobin biyu suka shekara ashirin ba su samu ba, kuma mutanen da ba a rubuta sunayensu ba ne suka samo shi, da irin dabarar da iyayensu suka yi da karanshaf ɗin Mercury. Ya yaɗu har masu ƙera kayan gyara suka fara zuba karanshaf sabo don shi kaɗai, daga ƙarshe General Motors da kansa ya shiga sayar da 383 sabo a cikin akwati, almajiri ya koya wa malami.

Bayan wannan sai tarbo da kwamfuta suka shigo suka raunana tsohuwar karin maganar, domin injin da ake ɗura wa iska da ƙarfi yana haɗiyar loma fiye da girman bakinsa. A 1987 Buick GNX, mai silinda shida da lita 3.8 kawai, ta kunyata masu takwas na zamaninta a rubu'in mil, samarin Kalifoniya kuma suka fara gina motocin Japan masu lita biyu da uku. Duk da haka V8 bai mutu ba. A 1997 Corvette ta fito da sabon zubi mai suna LS1, na alminiyam, lita 5.7, doki 345, 'yan'uwansa na baƙin ƙarfe masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 kuma suka cika motocin ɗaukar kaya da miliyoyi, daga can suka gangara makabarta, inda saurayi mai ƙaramin guzuri ke zuwa yau da akwatin sifanu ya kwance ɗaya, ya tsaya yana shawara ko ya biya ƙarin kuɗin 6.0, ko ya ɗauki 5.3 ya sayi tarbo da ragowar. Kusan babu wani ƙarfe na injin 1955 da zai shiga wannan sabon zubi, amma in ya ɗora awo daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar maƙwabcinsa, inci 4.4 zai samu, tazarar da Ed Cole da mutanensa suka zana.